Muryar da Gwaggo Ta Gane

A shekarun da nake koyarwa a wata sakandare a Jibiya, ina da wani aboki direba, mutumin Maraɗi, mai jigilar fasinja tsakanin Magama da garinsu. In na tashi daga makaranta nakan biya ta bakin iyaka in tarar da shi yana jiran mota ta cika, mu zauna a gindin dogon yaro muna shan shayi. Kiɗa ne ya haɗa mu. Motarsa ba ta rabuwa da waƙoƙin da ban taɓa ji a ko'ina ba.

Wata rana ya ce mini za a yi bikin makaɗa a Maraɗi, na matasa zalla, irin waɗanda ba su da ubangida kuma rediyo ba ta san da zamansu ba. A ɗakunansu suke ɗaukar waƙa, su raba ta daga waya zuwa waya. Ya nuna mini hoton tallan bikin, na duba sunayen ƙungiyoyin har ƙasa ban san ko ɗaya ba.

"Malam, kai ma kana zuwa," ya ce. "Amma ka saurare su tukun, kada ka tahi kana kallon mutane kamar baƙo."

Ya tura mini waƙoƙinsu a waya. Makonnin da suka biyo baya, da su nake tafiya makaranta, da su nake dawowa. Akwai wasu samari daga Tawa da suka haɗa jita da kalangu. Akwai 'yan mata biyu daga Damagaram masu zuba magana da sauri, rabi Hausa rabi Faransanci. Akwai na Agadas waɗanda ban ji kalma ɗaya cikin harshensu ba, amma jitarsu ta hana ni sakewa. Ɗaukar ba ta da kyau. A wata waƙar ana jin ƙarar janareta, a wata kuma zakara ya yi cara ana tsakiyar amshi. Ni kuwa hakan ya ƙara sa na ji kamar ina zaune a ɗakin tare da su.

A lokacin Gwaggo, yayar mahaifina, tana zaune a gidana. Ta zo ne bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu da ke bayan Mazanya. A gona suka kashe mijinta, sauran mutane kowa ya yi inda ƙafarsa ta kai shi. Tun da ta zo ba ta cika magana ba. Ta yi sallah, ta ci ɗan abin da za ta ci, ta zauna a inuwa tana tsince wake ko ɓarar gyaɗa. Matata ta yi iya ƙoƙarinta ta ja ta da hira, abin ya gagara.

Wani yammaci bayan la'asar ina tsakar gida ina duba littattafan ɗalibai, waya na gefena tana waƙa a hankali. Sai aka zo kan wata ƙungiya ta Maraɗi da ban kai gare ta ba tukuna. Waƙar ba da kiɗa ta fara ba. Ƙarar dutsen niƙa aka fara ji, sai muryar wata tsohuwa mai ɗan kaushi tana rera waƙar niƙa, daga baya jita ta shigo tana bin ta a baya.

"Kai," in ji Gwaggo. "Maido wagga."

Na ɗaga kai. Ta ajiye faifan waken a ƙasa. Na mayar da waƙar farko, ta matso har ta dafa tabarmata, ta saurara har ƙarshe.

"Na san muryar ga," ta ce. "Ƙawata ce. Katanga guda ta raba mu. Tun muna amare muke niƙa tare." Sannan ta ce, "An ce mani ta mutu cikin daji."

Na ce mata muryoyin tsofaffi kan yi kama, don ina tsoron in sa mata rai a banza. Ba ta yi musu da ni ba. Ta dai tambaye ni inda masu waƙar suke, na gaya mata batun bikin.

"To da ni za a," ta ce.

Ranar bikin muka yi sammako. Abokina ya ba ta gaban mota. Gwaggo ba ta da wata takardar shaida, abin da ya dame ni ke nan tun daga gida. Mun wuce namu jami'an ba matsala. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya leƙo ya gaishe ta, ya tambayi inda za ta. Ta ce, "Zumunci za ni, ɗana." Ya dube ta, ya dubi abokina wanda ya saba gani kullum, ya ɗaga mana hannu.

A Maraɗi abokina ya yi ta tambaya har aka kwatanta mana gidan da ƙungiyar ke gwaji. Shugabansu wani siririn saurayi ne, ɗalibi. Da ya ga tsohuwa ta yi sallama ya ajiye jita ya durƙusa ya gaishe ta. Na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya zaci ƙorafi muka kawo. Ya fara bayani cewa a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa ya ɗauki muryar, inda aka ba mutanen da suka gudo daga Najeriya wurin zama, kuma sai da ya nemi izinin tsohuwar ta yarda.

Gwaggo ta katse shi. "Tana da rai?"

"Da damina dai na bar ta lahiya lau, Inna."

Ta rufe fuskarta da mayafi. Can ta ɗago ta ce mana, "Ku tsaya ku yi kallonku. Ni ku sa ni mota."

Sai bayan la'asar za a fara wasan, ƙauyen kuma yana can baya, wajen iyaka. Na san yadda abokina ya ƙwallafa rai a kan bikin nan, don haka na ji nauyin roƙonsa ya kai mu. Shi ne ya fito da makullin mota daga aljihu ya ce mu tafi.

Mun same ta a ƙofar wata bukkar kara, tana zaune a kan buhu. Farar yana ta rufe mata ido, ba ta gani sosai. Gwaggo ta yi sallama, matar ta ɗaga kai, ta kira ta da sunan da ni kaina ban san ana kiran ta da shi ba. Gwaggo ta zauna a ƙasa kusa da ita, suka riƙe hannu. Ba wadda ta ta da zancen waƙa.

"Ina maigidanki?" matar ta tambaya.

"Ya rasu. A gona."

"Allah shi jiƙan shi. Ɗiyar taki fa?"

"Tana Katsina. Naki babban?"

"Har yau ba labari."

Haka suka bi ƙauyen gida gida, wannan ta faɗi wanda ta sani, waccan ta cika mata. Wani a ce yana Maraɗi yana dako, wani a yi masa addu'a. Ni da abokina muka ja da baya muka jingina da mota, muka bar su. Wata mata ta kawo mana ruwa a kwano.

Ba mu koma Maraɗi ba ranar, bikin ya wuce mu. Da na ce wa Gwaggo yamma ta yi, ta ce in tafi, za ta ɗan kwana biyu. Sai da aka gama girbi ta dawo Jibiya, abokina ne ya kawo ta har ƙofar gida, da ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya da ƙawar ta ba ta. Daga baya ta sake komawa, ta kuma sake, har shekarar da ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ƙauyensu kuwa har yanzu ba wanda ya koma.