Bututun Ruwan Sanyi na Ntate Ramathe

Shekara ashirin da shida Ntate Ramathe ya yi yana sauka ramin zinare a Afirka ta Kudu. Mutumin Lesotho ne, inda Ntate ke nufin Baba, ya tashi a tsaunukan da ƙanƙara ke rufe gonaki, amma abincinsa na can ƙarƙashin ƙasa, inda dutse ke ƙona tafin hannu.

Aikinsa naɗe bututan ruwan sanyi da soso mai kauri, don kada zafin ramin ya cinye sanyin kafin ruwan ya isa wurin masu haƙa. Bai yi boko ba, amma ya san halin zafi. Yakan ce zafi ba ya zama wuri ɗaya, kullum wajen abin da ya fi sanyi yake gudu. Dutse ya ba iska, iska ta ba mutum, mutum kuma in iskar ta jiƙe har guminsa ya ƙi bushewa, ba shi da wanda zai ba.

Wata Talata rufin wata hanya a cikin ramin ya rufta, ya tare shi da abokin aikinsa Zwelinzima. Fankar da ke hura musu iska ta tsaya. Kafin awa biyu Zwelinzima ya fara sambatu, fatarsa ta bushe ƙayau.

Ramathe ya zaro wuƙa ya farke soson da ya naɗa da hannunsa.

"Tuɓe rigar, rungumi ƙarfen nan."

"Ntate, ko matata ban runguma haka ba."

"Matarka ba ta da sanyin wannan. Manna wuyanka, sarkin surutu!"

Suka kwanta jikin bututun. In wuri ya ɗumama sai su matsa gaba, Ramathe ya sake farke wani. Taku goma sha biyu ne kawai tsakaninsu da duwatsun da suka zubo, yana kallon soson yana ƙarewa. Saura taku ɗaya suka ji ƙarar masu ceto.

Zwelinzima ya tafi garinsu, bai ƙara dawowa ba. Ramathe ma ya je gida da niyyar zama. Ya tarar gonar ta bushe, jikoki huɗu na kallon hannunsa, ga shi jikinsa ya saba da zafin rami, ko bargo uku ba sa hana shi rawar ɗari. Matarsa ta dube shi, ta dubi jikokin.

Bayan wata ɗaya ya sa hular ƙarfe, ya shiga kejin da ke saukar da ma'aikata, aka ja ƙofa.