Ranar da Inna Ta Zagaya Gari a Amalanke

Tun ina yarinya na san gidanmu na Sae Sabuwa da baƙi. Kakanmu daga ƙasar Katsina ya taso, kuma duk wanda ya ƙetaro iyaka ya rasa inda zai dosa, sai a nuna masa ƙofarmu. Maza su tsaya a zaure, mata su wuce ciki wurin Inna, mahaifiyata. Ita ce ke gaya masu rijiyar da ruwanta ke cin sabulu da wadda ta fi daɗin sha, da yadda ake gaida jandarma a kan hanya, da cewa abin da suke kira asibiti nan gidan likita ne, makarantar boko kuma lakol. Ba sana'arta ba ce. Mace ce mai yawo da son hira, ba suna ko zaman makoki da ke wuce ta, shi ya sa ta san garin ciki da bai.

Lokacin da zama ya gagara a wasu ƙauyukan ƙetare, baƙin suka ƙaru. Ina gidan aurena a unguwar gaba, amma kullum sai na leƙo. A lokacin gwiwoyin Inna sun riga sun ƙi. Daga ɗaki sai gindin bedi, wato dogon yaro, daga gindin bedi sai ɗaki. Bakinta dai bai gaji ba. Tana zaune a tabarma tana kwatanta wa mata hanya da hannu, kamar jiya ta bi ta.

Tana da ƙawa, wata Bafulatana mai tallar nono, wadda rugarsu ke bayan gari. Tare suka tsufa. Takan sauke ƙwarya a gidanmu da hantsi, su gaisa rabi da Hausa rabi da Fulatanci, Inna ta kushe nonon ta ce an cika masa ruwa, sannan ta shanye.

Wata rana wata baƙuwa ta shigo da jariri a baya. Ba ta daɗe da zuwa ba, mijinta ya kafa masu bukka a gefen gonar wani ɗan uwansa. Tana son a yi wa yaron rigakafi. Inna ta ce ta tafi ranar Talata, kuma kada ta bi babbar hanya, ta yanke ta bayan tsohuwar marina, ta fi kusa. Matar ta yi godiya ta tafi. Ranar Laraba ta dawo da ɗan ƙullin kuka, ta sake yin godiya. Inna ta tambaye ta ko komai ya yi daidai, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau.

Bafulatanar ce ta faɗi gaskiyar abin, ina zaune ina tsince wake. Ta ce ta gamu da matar ranar Talata da azahar, tana zaune a inuwar wani gawo tana fifita yaron da gefen mayafi. Hanyar marina an daɗe da shinge ta da ƙaya, wani ya yi lambu a wurin, sai da matar ta zagaya ta cikin gonaki. Da ta isa kuma ta tarar an mayar da rigakafi wata rana daban tun bara.

"Ƙawa," in ji Bafulatanar, "garin da kike ba mutane labari, na da ne."

Na ɗauka Inna za ta yi faɗa, don ba ta saba a gyara mata zance ba. Amma ba ta yi ba. Ta ture ludayin gefe, ranar ko nonon ba ta kushe ba. Can ta tambaye ni ko ni ma na san an rufe hanyar. Na ce na sani, ban dai san ta nan ta tura matar ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

Washegari ta aika a kira yayana, magidanci da furfura a gemu, ta ce ya ɗaura jaki. Ya ce yana da shara a gona. Ta ce gonar ba za ta gudu ba. Muka shimfiɗa katifa a amalanke, muka ɗora ta, Bafulatanar ta hau gefe da ƙwaryarta a cinya, ni na bi su a ƙasa.

Ba mu bar lungu ba. Ta sa aka tsaya a shingen lambun, ta taɓa ƙayar da sandarta. A gidan likita ta ƙi yarda da abin da mai gadi ya faɗa, sai da ungozoma ta fito da kanta ta gaya mata ranar awo da ta rigakafi, Inna ta maimaita, ta sa ni ma na maimaita. A bakin famfo ta ce a ɗebo mata ruwa ta ɗanɗana. Ta tambayi 'yan kabu-kabu inda suke tsayawa yanzu. A buro, wato ofishin magajin gari, ta tambayi wanda ake gani idan an yi haihuwa. Mutane suka riƙa fitowa suna gaishe ta, wasu sun ɗauka ta warke, wasu sun ɗauka bankwana take yi. Yayana yana ta gunaguni, amma ko sau ɗaya bai daki jakin ba.

Daga ƙarshe ta ce a kai ta bukkar baƙuwar. Matar ta fito da sauri, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Inna ba ta sauko ba, don ba ta iyawa. Daga kan amalanken ta ce, "'Yata, na tura ki cikin rana da goyo a kan abin da ban duba ba. Ki yafe mini. Kuma in na sake gaya miki abu kika tarar ba haka ba, ki dawo ki faɗa mini, ba rashin kunya ba ne."

Matar ta ce ba komai, Inna. Ta kwanto yaron ta miƙa mata, Inna ta rungume shi tana yi masa wasa har ya yi mata fitsari a zane, muka yi ta dariya.

Tun daga nan maganarta ta sake. Idan baƙuwa ta yi tambaya, sai ta ce wannan ta gani da idonta, wancan kuma ƙawarta ce ta gaya mata shekaranjiya. Abin da ba ta da tabbas a kai, sai ta ce a jira hantsi mai nono ta zo. Kowace kaka, bayan an ɗaure hatsi, yayana kan ɗaura jaki ba tare da an aika masa ba.

Baƙuwar nan mai goyo ba ta koma ƙetare ba. Suna noma gero da wake, yaron ya shiga lakol bana. Ranar da aka rubuta shi, daga can ta biyo gidanmu da shi, ta zauna a gefen tabarmar Inna ta gaya mata abin da aka tambaye ta a buron mushe, wato malamin lakol, ɗaya bayan ɗaya.