Sassaƙen da Yaya Tokuji Ya Shimfiɗa wa Macijiya

Yayana Tokuji, ko idonka a rufe za ka san ya shigo wuri, don ƙamshin hinoki ne ke riga shi shiga. Tun muna yara a garinmu Agematsu yake fere wannan ice. Ya gaji sana'ar bahon wanka da bokitin katako wajen mahaifinmu, ni kuma na buɗe shagon taliyar soba a jikin gidansa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Masu cin taliyata har cewa suke romona yana ƙamshin katako, ni kuwa in ce su je su gaya wa mai laifin.

A wajen Yaya itatuwa ma suna da manya da ƙanana. Hinoki shi ne babba: da shi ake gina wurin ibada, a cikinsa ake wa jariri wankan farko, kuma ƙwaro ba ya kusantarsa. A can ƙarshen layi akwai wani farin ice mara ƙamshi da ake ashana da shi. Wannan ko sunansa ba ya son kamawa. Idan mutum ya ba shi haushi, iyakar zaginsa ke nan: "Rabu da shi, icen ashana ne."

'Yarsa ɗaya, Chizuru. Ya so ta karɓi sana'ar, ta ce ita lissafi za ta karanta. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Sai dai kowa ya koma yi wa ɗan'uwansa ladabi kamar baƙo. Bayan rasuwar mahaifiyarta abin ya ƙaru, ta zo hutu su yi ta maganar yanayi har ta koma. Ni abin yana cina, amma in na tanka sai su haɗu su ce Fusae ta cika surutu.

Wata bazara aka mayar da aikinta Osaka, gidan da kamfani ya ba ta kuma an hana ajiye dabba. Sai ga ta da akwatin gilashi a bayan mota. Na leƙa, na yi tsalle na koma bayan Yaya.

"Maciji! Chizuru, kina da hankali kuwa?"

"Haba Gwaggo, macijiyar masara ce fa, ba ta da dafi. Sunanta Mikan, wato lemo, dubi launinta. Ta ma fi ki haƙuri."

"Kowa ma ya fi ta haƙuri," in ji Yaya, yana duƙe yana kallon abar.

Chizuru ta gyara tsayuwa, ta sunkuyar da kai kamar mai magana da shugaban wajen aikinta. "Baba, zan iya barinta a wajenka? Ba ni da inda zan kai ta."

Na kalli Yaya. Tun da yarinyar nan ta girma ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai ranar. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Ajiye ta." Ta nuna masa yadda ake narkar da daskararren ɓera, da tabarmar ɗumi da ke ƙarƙashin akwatin, sannan ta miƙa masa buhun sassaƙen da ake shimfiɗa mata. Ta ce kada ya canza komai. Dalili kam ba ta faɗa ba, don a zatonta ba sai an faɗa ba.

Motar na ɓacewa ya buɗe buhun, ya ɗebo, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Fusae, kin san mene ne wannan? Icen ashana! A gidana, baƙuwar 'yata ta kwana a kan icen ashana?"

"An dai ce kada ka canza komai."

"Ita lissafi ta sani. Katako kuma a bar mana."

Ya zaɓo hinoki mafi kyau, wanda yake ajiya don bahon jarirai, ya zauna ya fere shi siriri-siriri, kana iya karanta jarida ta cikinsa. Ya kwashe tsohuwar shimfiɗar, ya cika akwatin, ya ɗora shi a shagonsa kusa da inda yake aiki don su riƙa ganin juna. Gaskiya ya yi kyau. Ni kaina na ce da za a yi mini irin wannan gado da na kwanta.

Mikan kuwa ba ta kwanta ba. Chizuru ta ce da can takan nutse cikin shimfiɗarta, kai kawai za ka gani. Yanzu sai ta haye reshen da ke cikin akwatin ta maƙale, ta ɗaga kai sama, baki a ɗan buɗe.

"Kin gani? Ƙamshin take shaƙa," in ji Yaya, yana ta murmushi. "Ta san abu mai daraja."

"Ni dai na ga kamar guje masa take."

"Ke da kike ɓoye a bayana, yaushe kika zama malamar macizai?"

Aka kawo ɓera ta ƙi. Ya ce ƙoshi ne. Mako ya zagayo ta sake ƙi, ya ce kewar uwar ɗakinta ce, ya ƙara mata sabon sassaƙe don ya faranta mata. Wata safiya na kai masa shayi, na tarar da shi tsugune, ya kafa kunne a jikin gilashin. Ya yi mini alamar in yi shiru. Wani ɗan fito ne ke fita duk lokacin da ta ja numfashi, ga kumfa a gefen bakinta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yaya kamar na ranar ba. Na rufe shago, muka hau jirgin ƙasa zuwa Matsumoto wajen likitar dabbobi, macijiyar a cikin jakar matashin kai a cinyarsa.

Likitar dabbobin matashiya ce, ba ta fi Chizuru ba. Kafin ma ta buɗe jakar ta ɗaga hanci.

"Baba, aikin hinoki kake yi?"

Ya ɗan miƙe wuya. "Tun kafin a haife ki."

"Ba dai shi ka shimfiɗa mata ba?"

"Mafi kyawunsa ma."

Ta yi masa bayani a hankali, cikin girmamawa. Ta ce man da ke cikin icen, wanda ke ba shi ƙamshi yana korar ƙwari, shi ne ke ƙona wa maciji hanyar numfashi, tunda kullum hancinsa na ƙasa kuma ba shi da inda zai gudu. Shi ya sa ake zaɓa musu ice mara ƙamshi. Ta yi wa Mikan allura, ta ce a shimfiɗa mata takarda zalla har ta warke, a kuma fitar da ita daga shagon. Ta ce an kawo ta a kan lokaci, amma da ƙyar.

A hanyar dawowa na tanadi baƙar magana cike da baki. Ya zuba wa hannuwansa ido, ya shinshina su, ya ce, "A bahon hinoki na yi wa Chizuru wankan farko fa, Fusae." Ya ba ni tausayi har na juya ina kallon taga.

Na ce masa ba sai Chizuru ta ji ba, tunda abin ya zo da sauƙi. Ya ce amana ce, dole mai ita ta sani. Muna isa gida ya ɗauki waya, ina tsaye. Bai yi maganar yanayi ba. Ya ce, "Na canza abin da kika ce kada in canza. Na kusa kashe miki ita." Daga inda nake ina jin muryarta, faɗa take masa sosai, irin wanda ba ta yi masa ba tun tana 'yar makaranta. Shi kuma yana ta "E, haka ne. E." Da ya ajiye wayar sai na ga fuskarsa ta saki.

"An wanke ka tas, kana murna?"

"Ta ce gobe ma za ta kira."

Ta kira kuwa, jibi ma ta kira. Da farko don ta ji numfashin Mikan ne, daga baya har da tambayar ko ya sha maganin gwiwarsa.

Ya mayar da akwatin ɗakin sama, can nesa da shago. Buhun da Chizuru ta bari yana nan, amma Yaya ba mutumin da zai shimfiɗa wa baƙuwarsa aikin inji ba ne. Ya je wajen wani abokinsa mai saran itace ya ce a nemo masa busasshen icen ashana. Abokin ya yi dariya har ya riƙe ciki, labari ya zaga gari, masu cin taliyata suka samu abin taunawa. Bai kula su ba. Ya tambayi likita, ta ce ya yi, in dai ya bushe sosai kuma ba ƙura. Ya sayi sabon abin fere katako wanda bai taɓa hinoki ba. Kafin ya hau sama kullum sai ya yi wanka ya canza riga, kamar mai zuwa neman aure.

Ranar da aka cire takarda aka zuba farin sassaƙen, Mikan ta ɗan lasa iska, ta cusa kai, ta nutse gaba ɗaya. Can sai ga kan ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ba a jima ba ta ci ɓeranta, daga baya ta yi saɓa, fatar ta fita ɗungurungum ba yagewa. Yaya ya kawo mini ita har shago, na kore shi da ludayi.

Yanzu da la'asar in ka neme shi a shago ba ka same shi ba, yana sama, zaune a kan tabarma da shayinsa, yana jiran kai ya ɓullo. Zagin nan nasa ma ya daina, ya rasa wanda zai maye gurbinsa.

Da hutun kaka Chizuru ta zo. Ta ajiye jaka ta haye sama, muna biye da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba akwatin ta fara kallo ba. Ta ja numfashi, ta sake ja.

"Baba, ɗakin nan ba ya ƙamshinka."

"Ai ba nawa ba ne, nata ne."

Ta durƙusa ta ɗebo sassaƙen, ta ɗaga ɗaya a hasken taga. Siriri ne, ana ganin yatsanta ta cikinsa. Ta daɗe tana juya shi.

"Da hannu ka fere wannan?"

"Icen ashana ne kawai," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Amma yana da laushin hali."

Ta ce, "Gobe ka nuna mini yadda ake yi."

Kunnuwansa suka yi ja. Ni kuwa na ce na bar ruwa a wuta, na sauko.