Kujeru Sittin na Saura-Kaɗan

Tun yana ƙarami ake kiransa Saura-Kaɗan, kuma ba a zalunce shi ba. In aka ba shi rediyo ya sa mata batir, sai ya kwance ta wai zai ƙara mata murya, in aka tambaya ya ce saura kaɗan. Da ya girma ya koyi gina shafukan intanet, ya samu tebur a wani shagon buga takardu, tsakanin injin kwafi da fanka mai ƙara, ya saya wa kansa tabarau ba don ciwon ido ba. A gaskiya ya iya aiki. Ciwonsa shi ne bai taɓa ganin abu ya yi daidai ya ƙyale shi ba, kuma a ganinsa ba a haifi wanda zai duba masa aiki ba tukuna.

Yayarsa tela ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta daɗe tana son ƙungiyar teloli ta ba ta aikin koyar da sababbin shiga, shugabar ƙungiyar kuwa ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ta shirya horo na yini ɗaya, in ta cika zaure, aikin nata ne. Yaya ta kama zaure mai kujera sittin, ta buɗe taron a wata manhajar shirya taro da ke karɓar suna ta ba kowa kujera. Abin da ya rage a haɗa manhajar da shafin shagonta, don mace ta shiga ta danna ta yi rajista. Akwai ɗan mahaɗi da aka yi musamman don haka, liƙa shi kawai ake yi. Saura-Kaɗan ya liƙa kafin shayinsa ya huce, abu ya yi aiki sumul, Yaya ta tura wa teloli adireshin shafin.

Mai hankali a nan zai rufe kwamfuta ya tafi gida. Shi kuwa gogan sai ya ga mahaɗin ya yi tsirara da yawa. Ya ƙara gurbin da mace za ta faɗi irin keken ɗinkinta, abin da babu wanda ya tambaya. Ya sa ɗan almakashi yana buɗewa yana rufewa yayin da shafi ke lodi. Sannan ya ƙera abin da ya fi alfahari da shi: da zarar kujeru sun ƙare, rajista ta rufe kanta, rubutu ya fito, "An cika, sai wani karo."

Kowane ƙari kuwa sai an gwada. Manhajar tana da taron wasa da aka tanada don gwaji, har mai buga takardun shagon ya tuna masa.

"Wannan ai na 'yan koyo ne," in ji shi. "Ni a kan na gaskiya nake gwadawa, in ga abin da idona."

Haka ya dinga rajista a taron Yaya. Gwaji Ɗaya, Gwaji Biyu, da ya gaji sai ya riƙa danna duk harafin da yatsa ya faɗa wa. Kowane gwaji ya ci kujera guda. Ya san da haka sarai, ya ce in ya gama zai goge su gaba ɗaya.

Yaya ba ta ganin komai a wayarta sai lamba, lambar kuwa sai hawa take. Ta kira shi cike da murna.

"Ƙanena, ka ga mutum arba'in da uku? Allah ya yi maka albarka. Ashe wahalata ba ta tafi a banza ba."

Ya buɗe baki zai faɗa, sai yabon ya yi masa daɗi, ya haɗiye. "Ai aikin masana ne, Yaya."

Ta ce ko ta sa maƙwabciyarta ta gwada a waya, su ga yadda abin yake a hannun wani. Wanzami ba ya son jarfa. Ya ce kada a ɓata masa tsari.

Su kuwa teloli, kowa ya san halinsu, ba sa taɓa yadi sai gobe ne ranar karɓa. Mata biyar suka yi rajista da wuri. Sauran, lokacin da suka tuna suka shiga, gwaje-gwajensa sun riga sun cinye ragowar kujerun, almakashi ya buɗe ya rufe, rubutu ya ce musu an cika. Wasu suka kira Yaya. Yana zaune a shagonta kan buhun ƙyallaye ya ji ta da kunnensa tana ba wata tsohuwar ƙawarta haƙuri.

"Wallahi an cika, ko tsinke babu wurin sakawa. Ki yi mini afuwa."

Nan ne ya kamata ya yi magana, ko ya ruga ya goge. Amma in ya goge, lambar za ta faɗo daga sittin zuwa biyar a wayar Yaya, sannan sai bayani. Ya koma teburinsa da niyyar jarumta, ya goge guda ɗaya, ya lura almakashin ya ɗan karkace, ya gyara, ya gwada, kujerar ta sake cika. Abin kunya ne a faɗa, amma har daɗi ya ji da ya ga rajistar ta rufe kanta daidai.

Ranar taro aka jera kujeru sittin, kowace da tef ɗin awo sabo da Yaya ta ɗora a kai. Mata biyar suka zo suka zauna a gaba suna waige. Shugabar ƙungiya ta shigo, ta tsaya ta dubi zauren daga bango zuwa bango, ta ce wa Yaya, "Kin ce mini an cika." Ba ta ko zauna ba, ta saɓa jakarta ta fita.

Yaya ta juyo gare shi. Shi kuwa, maimakon ya durƙusa, sai ya gyara tabarau.

"Yaya, ki fahimta, mahaɗin bai yi kuskure ba. Ya ƙirga sittin, ya rufe a sittin. Gwaje-gwajena ne kawai ban samu na cire ba."

"Matan da na kora da bakina fa?"

Ya tsaya yana jiran zagi, yana ma roƙon ta zage shi, don zaginta ya saba da shi, yana wucewa. Ba ta zage shi ba. Ta shimfiɗa yadi a tebur, ta ɗauki alli, ta ce wa matan biyar su matso kusa. Da ta ɗago ta ga har yanzu yana tsaye gaban taga, sai ta yi masa magana da muryar da take yi wa baƙon da ya shigo shago bisa kuskure.

"Malam, ɗan matsa, kana tare mana haske."

Ya matsa, ta ci gaba da nuna musu yadda ake fitar da wuyan riga.