Uwar Zuma Cikin Kwalin Ashana

Ina malamin gona a Kaura Namoda na kamu da ciwon ɗaukar hoton ƙwari. Da farko aiki ne: a kawo mini tsutsar da ke cin gero, in ɗauka in tura ofis. Daga baya abin ya zama jaraba. Na sayi kyamara 'yar gwanjo, wani mai gyara ya koya mini in cire gilashinta in juya shi baibai in ɗaure da zobe, sai ga idon ƙuda ya cika hoto kamar rariya. Filasha kuwa, wato fitilar kyamarar, farar robar abinci nake kifa mata, don kada haske ya ƙone bayan ƙwaro.

Matsalar guda ce. In ka matso haka, abin da ke fitowa tangaram bai wuce kaurin gashi ba: ido ya fito, ƙafa ta dushe. Dole ka kafa kyamara kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ka ɗauki hoto wajen arba'in kana matsawa kaɗan-kaɗan, sannan kwamfuta ta haɗe su. Ƙwaro kuwa bai san "tsaya" ba. Shi ya sa nake yawo da 'yar kula mai ƙanƙara. Minti biyar a ciki sanyi ya sandarar da shi, in fito da shi in yi sauri kafin ya farfaɗo. Na yi wa fara, na yi wa zanzaro, na yi wa buzuzu. Uwar zuma, wadda mu 'yan boko muke ce wa sarauniya, ita ce ban taɓa samu ba, abin kuma yana cina.

Ina da kawu a Badarawa, wan mahaifiyata, wanda duk rayuwarsa zuma ce. A da amyoyinsa na rataye a itatuwan daji har ban san iyakarsu ba. Da dajin ya gagari shiga ya bar su can, sai guda ɗaya da ya saƙa ya rataya a tsamiyar bayan gida. Shekara biyu yana turara ta, yana shafa mata kaki, zuma ta ƙi shiga. Idanunsa sun fara hazo, hannunsa na rawa, mutane har sun soma ce masa ya haƙura.

Ranar da aiki ya kai ni garin, na iske shi yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. Taron zuma ya sauka a reshen tsamiya jiya, ya sa hannu ya lalubo uwar, ya saka ta a kwalin ashana da ya huhhuje, ya ɗaure kwalin cikin amya. Haka yake yi tun yana saurayi. Muddin uwa na ciki 'ya'yan ba sa tafiya, ta hujin suke ba ta abinci, bayan kwana uku in sun fara saƙa sai ya sake ta. Kafin nan ba ƙwai ba tsutsa, in ta mutu ba su da inda za su samo wata.

Na ce, "Kawu, ara mini ita minti goma in ɗauki hoto."

"Ba a taɓa ta. Ka bari in na sake ta ka taho ka gani."

"Haba Kawu, in an sake ta ai ba za ta tsaya mini ba."

"To ɗiyarka ta, da za ta tsaya maka?" Ya yi dariya ya ci gaba da murza igiyarsa.

Dariyar nan ta ɓata mini rai. Ni da na je kwaleji a kan ƙwari, tsoho zai ce mini ba a taɓawa? Na kwana a gidan. Da safe ya hau mota zuwa kasuwar Shinkafi sayen tulun da zai zuba zumar da bai ko gani ba, ni kuwa na jingina tsani. Sabon taro ba shi da faɗa, biyu kawai suka harbe ni. Na kwance kwalin na shige zaure.

Kai, Allah ya yi halitta! Doguwa ce, cikinta na sheƙi, fukafukanta gajeru. Na ba ta minti biyar a kula, na ɗora ta kan ganye, ina hoto na tara ta motsa ƙafa. Tsaki na yi na mayar da ita. Karo na biyu na kai sha huɗu ta miƙe. Karo na uku na ce bari in ga iyakarki, na ajiye kwalin kai tsaye kan ƙanƙara, na tsaya canza batirin filasha, na daidaita ƙafa uku, har na amsa waya. Da na buɗe, ƙanƙarar ta narke ta jiƙa kwalin.

Na hura mata iska, na kai ta rana. Ko gezau.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: bayan faɗuwar gaba, abin da ya biyo farin ciki ne, don yanzu ta tsaya. Na sa allura na miƙe mata ƙafafu, na goge raɓar bayanta da bakin auduga, na ɗauki arba'in ɗina a natse. Na shanya kwalin, na mayar da ita, na ɗaure shi inda yake da irin ƙullin Kawu.

Ban tafi ba, na zauna har ranar saki, wai kada tafiyata ta tona ni. Ina tsaye gindin tsamiya Kawu ya sauko da kwalin a tafin hannu. Ya daɗe yana taɓa ta da ɗan yatsa.

"Ta mutu," ya ce. "Mi na yi mata?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki, na kuwa buɗe. Na karɓi kwalin na ɗaga sama na ce, "Dubi hujin nan, Kawu. Wannan ko sauro ba zai sha iska ta ciki ba. Hannunka na rawa, idonka ba ya gani, ka ƙi yarda. Da ka ba ni ita da na lura." Borin kunya ya ɗebe ni har da wa'azin kiwon zamani, a gaban matarsa da maƙwabta. Shi kuwa sai kallon hannuwansa yake.

Cikin mako zumar ta watse. Ya sauke amyar ya ba matarsa ta yi makamashi, tulun kuma aka zuba masa tsamiya. Bai sake saƙa wata ba.

Hoton ya fito yadda ban taɓa yin irinsa ba, gashin kanta ɗai-ɗai. Na wanke shi babba na kafa a falo, abokan aiki suna ta yabo. Bayan wata shida Kawu ya zo Kaura ganin likitan ido, ya sauka gidana. Wallahi na manta da hoton da ke bango. Ya matsa har hancinsa na kusan taɓa gilashi, karo na farko a rayuwarsa da ya ga fuskar uwar zuma da girman faranti.

"Wagga ba ta da rai," ya ce. "Dubi halshe waje. Ta wa ta?"

Na ce ta wani mutumin Zurmi ce.

"Allah sarki. Allah shi ba shi haƙuri. Shi dai na san ba da hannunshi ya kashe ta ba, awa yadda ni na kashe tawa."

Na ce amin, na miƙa masa ruwa. Da wannan zaton ya rasu bara.