Ɗinkin Basilla a Ƙofar Baya

Damina tara ke nan muna shuka babu Yaya Sani. Allah Ya jiƙansa da rahama. Na so wannan shekarar ma ta wuce da addu'a kawai, amma motarsa ta hana ni yin shiru.

Yayana malamin gona ne a Bungudu, kuma duk mai bin hanyar Karakkai ko ta Rawayya a wancan lokaci ya san motarsa, doguwa mai ruwan madara. Ba ya iya wuce mutum yana tafiya a ƙasa. Manomi da fartanyarsa, Bafulatana da ƙwaryar nono, tsoho da ɗan akuya, duk kwasa yake yi. Har tsiya muke masa cewa gwamnati ta ba shi aikin gona, shi kuma ya ba kansa aikin tasha. Wata rana bakin fartanya ya yage fatar ƙofar baya, daidai wurin zaman matarsa, Hajiya Rabi. Ya samo basilla da zaren buhu ya ɗinke da kansa, mummunan ɗinki, ƙulli a kan ƙulli. Na ce ya kai Gusau a sa masa sabuwa. Ya ce, "Lawali, in na sa sabuwa, sai in riƙa duban kayan mutum kahin in tsaya mai." Dariya na yi a lokacin.

Bayan rasuwarsa motar ta kwanta a rumfa, rana da ɓeraye suka gama da cikinta. Idanun Hajiya kuma suka tafi a hankali, har ta daina gani. Takan sa a buɗe mata ƙofar baya ta shiga ta zauna da hantsi, mu kuwa muka ɗauka inuwa take nema.

Bana ɗansu Nura ya yi niyyar tada motar don ya kai mahaifiyarsa Tsafe, ta ɗauki jikar da aka haifa mata. Bakanike ya gama da inji, sai muka kai ta wurin mai ɗinkin kujerun mota a Gusau. Na zauna na kalli aikin. Ya ɓalle kwalin kowace ƙofa, ya ɓare tsohuwar fatar, ya shimfiɗa ta a kan sabuwa ya zana da alli, ya yanka. Ya sa soso, ya shafa gam, ya ja gefe-gefe har babu ko tattara ɗaya. Gaskiya aiki ya yi kyau, har na ji ina alfahari.

Ranar tafiya aka riƙo hannun Hajiya aka shigar da ita. Ta kai hannu jikin ƙofa, ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Sai ta ce, "Wagga ba motar Malam ba ta. Mi kunka yi mata?" Ba ta yi kuka ba. Ta laluba ta sauka, ta koma ɗaki, ta ce Tsafen ma ta fasa. A ranar na gane abin da take zuwa nema da hantsi, kuma zuciyata ta karye.

Muka koma Gusau ni da Nura. A ƙarƙashin wani bakanike muka samu tsohuwar fatar, ya shimfiɗa ta yana kwance yana gyaran babbar mota, baƙin mai ya rina ta. Ɗinkin yana nan. Muka wanke da sabulu, mai ɗinki ya yanko wurin ya ɗora a kan sabuwar fata, yana mita cewa aikinsa za a zaga. Hajiya ta taɓa, ta ce a ɗauko mata mayafi, a tafi Tsafen.

Ina yawan tambayar kaina yadda Yaya Sani zai yi da hanyoyinmu na yau, da mutum ke fita da salati ya dawo da hamdala, kowa yana tsoron kowa. Anya zai iya tsayawa? Anya zai iya wucewa? Ban sani ba, kuma ban ga laifin mai wucewa ba. Mun dai iya dawo da zaren buhunsa, amma halin da ya sa aka yi yagar ya fi ƙarfinmu, abin da ke ci mini rai ke nan.

Mun kusa Tsafe sai ga wani dattijo a bakin titi, fartanya a kafaɗa, da wata mace mai goyo. Suka ɗaga hannu. Nura ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya ƙara wuta. Hajiya tana baya, babban yatsanta a kan ɗinkin.

"Nura," in ji ta, "tun Gusau ban ji ka taka birki ba. Ba kowa ga hanya?"

"Ba kowa, Inna."

Ta sake shafa ɗinkin. Can ta ce, "To, Allah Shi kai su gida lahiya."