Kiran Waya Ɗaya, Jinyar Wata Biyar

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa Sani Mahauci ya mutu, ga ni. Masu cewa kunya ce ta ɓoye ni, kun yi gaskiya, amma ta ƙare daga yau.

Ranar kasuwar Batsari ce, ina kan teburina ina yankan nama, waya ta yi ƙara. Mutum ne mai ladabi, Hausarsa tsaf, ya kira ni da cikakken sunana. Ya ce daga kamfanin layin waya yake, an yi ƙuri'a, lambata ta ci naira miliyan biyu da sabon babur.

Na ce, "Ni fa ban shiga wata gasa ba."

Ya ce, "Alhaji, katin da kake sakawa ai shi ne shigar. Rabo ne ya rantse."

Ya ce kada in faɗa wa kowa saboda mahassada, kuma da la'asar za a rufe. Ya nemi lambobin katin bankina, da wata lamba da za ta shigo ta saƙo. Na goge hannu a riga, na karanto masa su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in sake ɗaukar wuƙa, jarina gaba ɗaya ya fita. Na kira, waya a kashe.

Ban gaya wa kowa ba. Kwana tara ina haɗiye abin. Ƙeyata ta riƙa sara, ga jiri, abinci ba ya wucewa. Matata Hajara ta tambaya, na ce zazzaɓi ne, na sayi ƙwaya a kemis.

Rana ta goma ina alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in kira Hajara, abin da ya fito ba magana ba ce.

Yayana Lawal ya taso daga Runka a kan babur, aka samo mota zuwa asibiti a Katsina. Jinina ya haura ɗari biyu. Hoton kai kawai ya cinye tumakin Hajara biyu. Kullum awo da safe, allura, ƙarin ruwa, a juya ni kamar jariri. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Tsoron in rayu a kwance ya fi mini tsoron mutuwa.

Likitar ta ce, "Malam Sani, shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jinin nan ya daɗe a jikinka ba ka auna ba. Amma me ya tayar da shi haka?"

Ba bakin amsawa. Hawaye kawai.

Sai bayan mako uku harshena ya fara sakuwa, na faɗa wa Hajara da Yaya Lawal abin da ya faru. Yaya Lawal ya miƙe tsaye ya ce, "Haba Sani! Ɓarawo ya yi sata, kai kake jin kunya? Da ka mutu mana a banza!"

Maganar nan ta fi allurai aiki.

Aka shiga gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti. Matsa ƙwallon roba, ɗaga ƙafa, faɗuwa, tashi. Ranar da na kai kofi bakina da hannun dama, rabin ruwan a rigata ya ƙare, amma Hajara har guɗa ta yi.

Da na dawo gida na tarar an raɗa mini suna, Alhaji Miliyan Biyu. Ina amsawa. Biyu daga cikin masu dariyar sun zo mini a ɓoye sun ce su ma an taɓa yi musu.

Makon jiya wata lambar ta kira, labari iri ɗaya. Ina majalisa, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na ce, "Madalla. Ina ofishinku yake? Da ƙafata zan zo in karɓa." Ya fara kame-kame. Na ce, "Wace gasa ce, yaushe na shiga?" Ya kashe.

To jama'a, gasar da ba ka shiga ba, ba ka ci ba. Mai ba ka kyauta ba ya neman kuɗin rajista, ba ya neman lambar sirrinka, ko wadda ta shigo ta saƙo. Wanda ya ce yi sauri kuma kada ka gaya wa kowa, kashe wayar, ka gaya wa kowa. In kana kokwanto, je ofishin kamfanin ko banki ka tambaya ido da ido. In kuwa an riga an cuce ka, ruga banki a rufe katin a ranar, sannan ka buɗe baki a gida. Kuma don Allah ku riƙa auna jini, ko kuna jin ƙalau.

Alhamdu lillahi. Hajara, Yaya Lawal, ma'aikatan jinya, da 'yan uwana mahauta da ba su bar gidana da yunwa ba, Allah Ya saka muku da Aljanna.

Gobe da safe ina da gashi. An ce in yi taku ɗari. Ɗari biyu zan yi.